Maiwar da Kawu Ya Ajiye

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare shi ranar wata Alhamis da hantsi, ana tsakiyar maimai, wato noma na biyu. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa a maƙabartar bayan gari, wadda gonaki suka matse ta ta kowane gefe, har sai da masu rakiya suka jeru ɗaya bayan ɗaya don kada su taka geron mutane. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina aji uku a firamare, shi ya koya min aikin da nake ci da shi yau. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da na yi masa wanda ban samu damar faɗa masa ba.

A kwanakin zaman makoki na lura kowa da Kawun da ya zo yi wa gaisuwa. Manoman unguwarmu sun ce sun rasa mutumin da bai taɓa cin iyaka ba, kuma a wajenmu, tsakanin Bici da Ɗanbatta, inda ake kai juna gaban alƙali a kan kunya ɗaya, wannan ba ƙaramar shaida ba ce. Liman ya ce sahun farko ya yi giɓi. Maƙwabcin Kawu, wanda suka shekara goma suna cacar baki a kan akuya mai shiga masara, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka janye shi daga rumfa. Mahaifiyata ba ta zubar da hawaye a gaban mutane ba, sai dai duk wadda ta durƙusa ta yi mata gaisuwa sai ta ce yanzu kuma wa zai yi mata faɗa. Inna, matarsa, ta zauna a kan tabarma a ƙuryar ɗaki tana jan carbi, ba ta cewa komai sai amin.

Abokan aikinmu daga kwaleji sun zo cikin bas guda, suna ta cewa an yi rashin Baban Saba. Tsofaffin matan da ke kusa da ni suka kasa kunne, sannan wata ta taɓo ni ta tambaye ni wai shin mene ne ainihin aikin marigayin. Kafin in amsa wata ta ce ai ita ta sani, gadin wani inji yake yi wanda ba ya son zafi, shi ya sa aka saka masa na'urar sanyi shi kaɗai. Na ce haka ne, domin ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Ranar Juma'a da safe wata mata ta shigo, ba mu san ta ba. Ta kai shekara hamsin, da hijabi ruwan toka da jaka irin ta malaman makaranta. Ta yi wa Inna gaisuwa, ta yi wa mahaifiyata, sannan ta tambayi wace ce 'yar da ke aiki tare da shi. Aka nuna mata ni. Ta ce ita malamar firamare ce a wani ƙauye gaba da Ɗanbatta, a kwalejinmu ta yi karatu tun ana cikin tsohon gini. Damina biyu da suka wuce ɗakinta ya rufta, takardunta suka jiƙe suka manne da juna, gara ta ƙarasa sauran. Yanzu an kira malaman yankinsu tantancewa nan da kwana goma sha biyu, wanda bai kawo takardar sakamakonsa ba za a cire sunansa daga aiki. Ta je kwaleji wata guda da ya wuce, ta samu Kawu yana fama da jiki, ya ce ta yi haƙuri ta dawo in ya samu sauƙi.

"Ba don haka na zo ba, 'yar nan, gaisuwa na zo," in ji ta. "Amma ya ce min sunana yana cikin maiwa. Ban gane ba, na dai riƙe kalmar. Na ce bari in faɗa miki ko ke kin gane."

Na gane. Na ce mata in sha Allahu, na karɓi lambarta. Kwana huɗu kafin nan ni na miƙa wa ɗan kwangila jerin kwamfutocin da zai kwashe zuwa sabuwar saba, kuma babu maiwa a ciki.

Sai na yi bayani, don wanda bai san aikinmu ba. Kwalejin da muke aiki ƙarama ce, ta horar da malamai, ba sai na ambaci sunanta ba. A wani ɗaki mai taga ɗaya akwai babbar kwamfuta da ake kira saba. A waje ƙarfe ɗaya ce, amma a cikinta an kafa kwamfutoci da yawa waɗanda ba a ganin jikinsu, kowace da aikinta, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da ɗakuna tara. Ba a danna hoto a wurin. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ya ba ka amsa. In ka rubuta virsh list, zai jero maka waɗanda ke kunne. In ka ƙara --all a ƙarshe, zai jero duk waɗanda aka taɓa kafawa, har da na kashe, waɗanda ba su da lamba a gefen sunansu sai ɗan layi.

Kawu bai yi digiri a kan kwamfuta ba. Da keken rubutu ya fara, a ofishin rajista, ya bi aikin a hankali har ya kai inda ya kai. Da ya zo saka wa kwamfutocin suna, sai ya saka musu abin da ya sani. Gero ita ce mai rajistar ɗalibai, domin ita ake ci kullum. Dawa ta ma'aikata. Gyaɗa ta ɗakin karatu, wake ta jarrabawa, riɗi ta shafin kwalejin. Waɗannan biyar su ne kunne dare da rana. Sauran huɗun a kashe suke, babbarsu ita ce maiwa, wadda ya zuba sakamakon ɗaliban da suka gama tun kafin a kawo sabon tsari. Da hannunsa ya shigar da su daga manyan littattafan rajista, shekara biyu yana yi, kafin ruwa ya shiga sito ya cinye littattafan. Tsohuwar manhaja ce a kanta, ba ta jituwa da komai na yanzu, shi ya sa ba ya kunna ta sai in wani ya zo nema.

Kullum da safe, bayan ya jingina babur ɗinsa a gindin darbejiya ya kaɗe ƙasar gona daga ƙafar wandonsa, abu na farko da yake yi shi ne ya zauna ya rubuta umarnin nan da yatsu biyu. Bai taɓa barin --all ba. Sai ya karanto sunayen a bayyane, na kunne da na kashe, kamar mai gaida mutanen gida. Na taɓa ce masa, Kawu, waɗannan huɗun jiya a kashe suke, shekaranjiya ma haka, ina za su je? Ya ce mai gida ba ya ƙirga waɗanda ke tsakar gida kawai, har na ɗaki masu barci nasa ne. Na yi dariya na ce to a dafa musu koko. Ya ce bakina zai ja min wata rana.

Bai taɓa kiran sunana ba, domin sunan mahaifiyarsa aka saka min. Uwata yake ce min, a gida da ofis, har a gaban shugaban sashenmu, ni kuwa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe shi ya dinga ce min Malama in muna wurin aiki. Ya gwada kwana ɗaya, ya ce bakinsa ya ƙi.

Shi ya tsaya min lokacin da dangi suka ce mace da wayoyin lantarki ina haɗi. Bai yi musu da kowa ba. Ya dai dinga ɗaukata a bayan babur duk ranar Asabar, ya zaunar da ni gaban baƙin allon, ya ce in rubuta. In na yi kuskure ba ya gyara min, sai ya ce in karanta abin da injin ya ce, ai ba ya ƙarya, mu ne ba ma sauraro. Da na samu gurbin karatu a Kano ya sayar da tunkiyarsa mai ciki, bai faɗa min ba sai a bakin Inna na ji. Da na dawo da takardata aka ɗauke ni aiki a ƙarƙashinsa, ya zagaya da ni ofis-ofis yana cewa ga wadda ta fi shi sani. Ni kuma, don wauta, na yarda.

Akwai wata rana da ba na mantawa. Wani dattijo ya zo daga wajen Rimin Gado, ya hau mota uku, ya iso ana shirin tashi. Takardarsa yake nema don fansho. Masu rajista suka ce shekararsa ba ta cikin kwamfuta, ya dawo wani makon. Kawu ya tsince shi a bakin ƙofa yana zaune a kan dakali. Ya shigo da shi ɗakinmu, inda ba a yarda baƙo ya shiga ba, ya ba shi kujerarsa da ragowar furar da ya zo da ita a gora. Wuta ta ɗauke, ya je da kansa ya lallaɓa mai janareta. Sannan ya tayar da maiwa. Takan ɗauki kusan minti goma kafin ta farka, shi kuwa yana ta yi wa mutumin hirar damina kamar ba abin da ke gabansu. Da sunan ya fito a allo dattijon ya miƙe tsaye ya cire hularsa, bai san ma ya yi ba. Ya so ya ba Kawu na goro, Kawu ya ce ya ajiye ya hau mota, dare na yi.

Kada in mai da shi waliyyi, ba zai so ba. Mutum ne mai taurin kai na gasken gaske. Ba ya rubuta komai. Wace kwamfuta ce ke riƙe da me, wane faifai ne ke ɗauke da wace, duk a kansa suke. In na ce mu rubuta, sai ya ce ai yana nan. Yana da saurin fushi in aka taɓa masa kaya, kuma in ya yi fushi ba ya faɗa, shiru yake yi, shirun da ya fi duka ciwo. A gida ma haka yake. A rumbunsa akwai damin maiwa da yake ratayewa a sama, irin da ya gada daga mahaifinsa. Kusan kowa a garinmu ya daina shuka ta, domin tana daɗewa a gona kuma ƙasar ba ta isa a jira ta ba. Shi kuwa duk shekara sai ya ba ta kunya biyu a gefen gonarsa don kada irin ya mutu. Ko shekarar da hatsi ya yanke mana kafin kaka, Inna ta roƙe shi a sussuke damin nan, ya ce a ci rama.

Rigimarmu ta faru ne bara da rani. Faifan ajiyar saba ya kusa cika, gero ta fara nauyi, ɗalibai suna layi a rana suna zaginmu ta taga. Na duba na ga kwamfutoci huɗun nan na kashe sun cinye kusan rabin wurin. A gaban shugaban sashe na ce mafita a fili take, a share matattun nan. Kalmar da na yi amfani da ita ke nan. Na ƙara da cewa saba ba maƙabarta ba ce, kuma a shekara mutum nawa ne ma ke zuwa neman tsohon sakamako, uku ko huɗu. Kawu ya dube ni, ya ce, "Ukun nan ba mutane ba ne?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kwana huɗu bai yi min magana ba. Yana zuwa ya karanto sunayensa tara, ya yi aikinsa, ya tafi. A rana ta biyar mahaifiyata ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce ko da gaskiyata ba a kunyata babba a gaban baƙo. Na je gida da yamma na same shi yana gyaran fartanya, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce. Ya samo wurin da ake nema ta hanyar share wasu tarkacen da ni ban ma san suna nan ba, layin ɗalibai ya watse. Amma ni a zuciyata ban sauka ba. Haƙuri na bayar, ban yarda ya fi ni gaskiya ba. Daga ranar na daina saka --all in zan duba, don kada in ga sunayen da ke ɓata min rai.

Da ruwan farko ya sauka bana jikinsa ya fara ƙi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya dinga yi masa wuya. Ya yi shuka a daddafe, sannan aka kai shi asibiti a Kano. A makon da aka kwantar da shi ne sabuwar saba ta iso, wadda ya shekara uku yana roƙo. Shugaban sashe ya ce ɗan kwangila na da mako ɗaya, in ba shi jerin kwamfutocin da za a kwashe.

Na je duba Kawu ranar Lahadi da takardar ɗan kwangila a jakata. Na same shi an jingina shi da filo, Inna na yi masa fifita. Ya ga jakar, ya tambaye ni ko injin ya zo. Na ce ya zo. Ya ɗan yunƙura ya ce, "Uwata, samo biro. Akwai abubuwan da ya kamata ki rubuta."

Shekara shida ina roƙonsa wannan. Amma a wajenmu ba a zama gaban mara lafiya da biro da takarda. Ya yi kama da karɓar wasiyya, kamar ka ce masa ka fid da rai. Inna ta ɗago ta dube ni, na ga tsoro a idonta. Mahaifiyata da ke bakin gado ta girgiza min kai. Sai na yi abin da kowace 'yar kirki za ta yi a garinmu, na ce, "Haba Kawu, bar zancen aiki. Kai za ka zo ka yi abinka da hannunka." Ya dube ni, sannan ya koma ya kwanta ya ce to, Allah ya sa. Muka koma hirar taki da tsadarsa.

Washegari na zauna gaban allo na rubuta umarnin yadda na saba, sunaye biyar suka fito, na kwafe su na miƙa. Ba mantuwa na yi ba, kuma wannan ne abin da ke hana ni sakewa. Na san akwai huɗu a bayan labule. Na ce wa kaina tsohuwar saba ba inda za ta je, in Kawu ya dawo ya ji da matattunsa. A can ƙasan zuciyata kuma akwai wata 'yar murya da ke jin daɗi, wai a sabon gida dai tsarina za a bi. Ban tambayi ɗan kwangila me zai yi da tsofaffin fayafayan ba, shi ma bai tambaye ni ko akwai saura ba.

Wannan ne abin da ke cina ranar Juma'ar nan bayan Malama mai hijabi ruwan toka ta tafi. Shugaban sashenmu yana waje a rumfar maza, taku ashirin tsakaninmu, amma ba zan keta taron maza ranar makoki in je in yi masa zancen inji ba. Na tura masa saƙo a waya. Ya amso da cewa Allah ya ji ƙan Baba, in kwantar da hankalina, sai Litinin. Na kira ɗan kwangila sau biyar, wayarsa a kashe. Na koma na ci gaba da zuba wa baƙi ruwa, ana ta ce min sannu da haƙuri, ana yaba yadda na riƙe shi kamar uba.

Ranar Asabar aka yi addu'ar uku, aka raba gumba da waina. Lahadi da sassafe na ce wa mahaifiyata zan je in dawo. Mai gadi ya buɗe min, ya yi min gaisuwa, ya ce an mayar da tsohon injin sito. Na same shi a ƙasa kusa da karyayyun kujeru. Na jawo waya na haɗa, na jona allo, na kunna. Ya yi ƙararsa da na sani, ya tashi. Na rubuta umarnin, wannan karon cikakke.

Sunaye tara suka fito, duk a kashe, duk da ɗan layi a gefe. Maiwa tana nan, ta bakwai. Na yi hamdala a bayyane ni kaɗai a sito. Don zumuɗi ban ma jira ba, na kira Malama na ce mata na gan ta, ta kwantar da hankalinta. Na ji tana ce wa wani a gefenta Alhamdu lillahi.

Sannan na ba da umarnin ta tashi. Ba a yi ko daƙiƙa biyu ba allon ya amsa cewa bai ga faifanta ba. Na sake, ya sake. Na karanta abin da injin ya ce, kalma bayan kalma. Na zagaya bayansa na duba, sai ga ramuka huɗu a buɗe inda manyan fayafayan suke zama. Jerin nan suna kawai yake nunawa, da bayanin yadda aka kafa kowace kwamfuta, wanda ke kan ɗan ƙaramin faifai na daban. Abin da ke cikinsu yana kan manyan. Da na samu ɗan kwangila a waya da azahar, ya ce ai tun ranar Laraba ya zare su ya goge ya saka a sabuwar saba don ƙarin wuri, kamar yadda takardar aikinsa ta ce. Ya ce duk abin da ke jerina ya kwashe lafiya, ko akwai matsala? Ba shi da laifi. Ranar Laraba Kawu yana da rai.

Na yi abin da ake yi. Na nemo wani da ya ƙware a ceto bayanai daga Kano, ya kwana biyu a kai, ya ce an riga an rubuta sabbin abubuwa a wurin. Na tuna Kawu yana da kwafi a wani faifan hannu, na je Inna ta ba ni jakarsa. Yana ciki, tare da sukundireba da carbi da ƙullin irin kuɓewa, amma faifan ya mutu tun bara, kuma takardar da ya rubuta yana neman sabo tana nan a naɗe a jikinsa, ba a sa mata hannu ba. Na shiga sito na juye ragowar littattafan rajista, na shekarar Malama sun zama dunƙulen takarda baƙi. Na rubuta wasiƙa da ke cewa ta yi karatu a wurinmu kuma bayananta sun salwanta ta hannuna, na sa sunana, shugaban sashe ya buga hatimi yana guje wa idona.

Ban iya faɗa mata a waya ba. Na hau mota zuwa Ɗanbatta ranar kasuwa, daga nan na hau babur. Makarantar aji huɗu ce a tsakiyar gonakin gyaɗa. Na same ta tana koyar da lissafi, ta gan ni ta taga ta fito da alli a hannu, fuskarta a sake. Na faɗa mata komai a tsaye a baranda, har zancen biro a asibiti, har rigimar bara. Ban rage wa kaina komai ba. Ta karɓi wasiƙar ta karanta sau biyu, ta ninke ta ta saka a jaka. Ta ce za ta kai musu, amma ta san mutanen, sakamako suka ce, ba wasiƙa ba. Ni na fara kuka, ba ita ba.

"Share hawayenki, yara na kallo," in ji ta. Ta murza allin a tafinta. "Shekara ashirin da wani abu ashe wani bawan Allah na tsare min sunana, ban san shi ba, ban taɓa kai masa ko ƙwaryar gyaɗa ba. Sau ɗaya na gan shi." Ta ce in gaida Inna, ta koma aji domin ba ta gama darasin ba.

Kwamitin bai karɓi wasiƙar ba. Sun ce ta ɗaukaka ƙara, ta ɗaukaka, har yau ana cewa a jira. Sunanta ya fita daga aiki a ƙarshen watan. Duk da haka ranar addu'ar arba'in sai ga ta ta shigo gidanmu da hijabinta ruwan toka, ta kawo wa Inna kwanon gyaɗa, ta zauna cikin mata aka yi addu'a da ita.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, ka san shi fiye da yadda muka san shi. Ka yafe masa taurin kansa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Inna da mahaifiyata juriyar rashinsa. Ka buɗa wa Malama wata ƙofar, domin wadda Kawu ya tsare mata ni na rufe. Da Malama za ta tafi ranar arba'in ɗin na raka ta har bakin hanya, ta ce yaran ajinta na zuwa gida suna tambayarta yaushe za ta dawo. Ta tambaye ni me zan ce musu in ni ce. Babur ya zo ta hau, na tsaya a bakin hanya ina kallonta har ta ɓace.